Awad, Mai Yankan Riɗin Waɗanda Ba Sa Nan

Kowa a kasuwar Gadarif ya san shagon Usta Awad, ko da bai taɓa shiga ba. Yana bayan layin masu gyaran waya, da ƙofar ƙarfe shuɗiya da rumfar zana a gaba, inda samari suke zama suna jiran layi. Na yi shekaru ina wuce shi a kan hanyata ta zuwa sakandaren 'yan mata, inda nake koyar da kimiyyar sinadarai, ban taɓa leƙawa ba. Iyakar abin da na sani, can 'yata Razan take kai na'urar wasanta a zuba mata sabbin abubuwa. Sai bayan rasuwarta na san mutumin. Abin da zan rubuta a kansa, wani na gani da idona, wani shi ya gaya mini, kuma zan yi ƙoƙari in raba su.

An haifi Awad a Ƙala'at an-Nahal. Kakansa Maliki ya taso daga yamma da niyyar hajji, ya tsaya a garin zai yi noman damina ɗaya ya ƙara guzuri, damina ɗaya ta zama rayuwa. Awad ya ce har tsohon ya mutu, in aka tambaye shi garinsu sai ya ce shi a kan hanya yake. Awad ya tashi a gona, ya koyi tuƙin tarakta, ya yi aiki a manyan gonakin Fashaga har aka fara ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Wata shekara garmar tarakta ta kama ƙafarsa ta hagu. An ceci ƙafar, amma ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Ya shigo birni yana dogara sanda, ya buɗe shagon hayar kaset ɗin bidiyo. Da zamanin kaset ya wuce, ya sayi tsofaffin na'urorin wasa ya jera kujeru.

Yanzu yawancin aikinsa saukarwa ne. Wasannin zamani manya ne, intanet ɗin gidajenmu kuma ba ta iya ɗaukar su, in ma akwai ta. Awad yana da kwanon kama intanet a kan rufin shago da faifan hasken rana. Shi yake sauke wasa sau ɗaya, ya zuba wa kowa a na'urarsa. Shi yake buɗe wa mutane asusu, domin sayen abu daga waje ba ya yiwuwa ga kowa, kuma kalmomin sirrinsu suna hannunsa kamar yadda makullan maƙwabta suke zama a hannun wanda ba ya tafiya ko'ina. In kamfani ya yi rangwame, yakan rataya jan ƙyalle a ƙofa, samari su hango daga bakin titi. In sabon ƙari ya fito, wato wani yanki da ake liƙa wa tsohon wasa, shi yake fara ji, shi yake faɗa wa mutane ko ya cancanci wahalar saukewa.

Turancinsa bai wuce sunaye da lambobi ba. Nan Razan ta shigo cikin rayuwarsa. Da yaƙi ya rufe jami'arta a Hartum ta dawo gida, ta rasa abin yi, sai ta riƙa zama a kujerar bakin ƙofar shagon tana karanta masa labaran wasanni da sharhin masu sharhi, tana mayar masa da su Larabci da Hausa a cakuɗe yadda muke magana. Shi kuma ya saurara, ya yanke nasa hukuncin cikin jimla ɗaya. Ya gaya mini akwai wasan yaƙi da duniya ta yaba, ya ce wa samari wannan jabana ce, wato gahawa, ba citta: baƙa ce, da zafi, amma ba ta tada kowa. Razan ta ce masa, "Ammu Awad, kai da ko hannun wasan ba ka riƙe ba?" Ya ce mata likita ma ba ya shan duk maganin da yake rubutawa.

Razan ta rasu a ƙarshen damina, da zazzaɓin dengi, tana da shekara ashirin. Ba zan ƙara a kan wannan ba.

Awad ya zo gaisuwa a lokacin, in ji mijina Tijjani, amma ni ban gan shi ba. Zuwansa na biyu ne na tuna, bayan shekara ta zagayo, ana cikin yankan riɗi. Da la'asar ce. Tijjani ya shigo ya ce ga mai shagon wasa a ƙarƙashin darbejiya, ni yake son gani. Na yafa tob, dogon mayafinmu, na fita. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga tafuka muka yi Fatiha, ya zauna ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya kallon mutum a ido sai ya gama magana.

Ya ce ya zo da magana biyu. Ta farko, akwai sanarwar da ta fito da Turanci, ya fahimci rabinta, rabin da ya fahimta ya hana shi sukuni, wadda take karanta masa kuma ba ta nan. Ta biyu, maganar gonar Razan ce.

Na ce masa Razan ba ta da gona. Tijjani ma'aikacin banki ne, ni malama. Ko taki ɗaya ba mu da shi.

"Tana da ita, ya Ustaza," ya ce. "Jiya ma muka yanke mata riɗi."

Na ji abin ya sosa mini rai, amma ban nuna ba. Ya roƙi a kunna na'urarta. Tana ɗakin yadda ta bar ta, na rufe ta da mayafi saboda ƙura. Tijjani ya fito da ita falo, ya haɗa da talabijin da intanet ɗin wayarsa, Awad ya danna abin da ake dannawa da hannun wasan.

Wasan yana da sunan Turanci, amma a shagon Awad Bildat ake ce masa, kamar yadda muke kiran ƙananan gonakin talakawa. Ana ba mutum fili, ya gina gida, ya shuka abin da yake so. In ya bar ƙofar gonarsa a buɗe, maƙwabtan da ya yarda da su suna iya shiga daga nasu na'urorin su taya shi aiki. Amfanin da ya nuna ba a cire ba yakan lalace. Gonar da aka daɗe ba a taɓa ba, ciyawa ta cinye ta, gidan ya rushe.

Abin da na gani a allon gona ce mai rai. Dawa ta yi tsawo a gefe ɗaya. A ɗaya gefen an yanke riɗi, an ɗaure, an jingina dami-dami a tsaye yadda ake yi don ya bushe. Akwai gida mai ɗaki biyu da bukka a tsakar gida, da bishiya a daidai inda darbejiyarmu take. Akwai randa a ƙarƙashinta. Gidanmu ne ta gina, har da karkacewar katangar kudu. A tsakar gidan kuma ga wata tsaye da shuɗin ɗankwali. Ba zan kira ta Razan ba. Zane ne da wasu mutane suka yi a wata ƙasa, ita ta zaɓa masa tufafi. Zan kira ta manomiyar.

Awad ya yi bayani yana kallon ƙasa. Ya ce mahaifinsa ya rasu a irin wannan lokaci, riɗi ya nuna a gona. Riɗi ba ya jiran kowa: in an makara kwanson ya fashe, ya zube a ƙasa, shekara ta tafi. Kafin a naɗe tabarmar zaman makoki, mutanen gari suka yi nafir, gayyar da muka sani, suka shiga gonar da lauje suka yanke shi tas, ba wanda ya tambayi iyalin. Shi abin da ya sani ke nan game da mutuwa: in mutum ya tafi ya bar amfani a gona, maƙwabta ne suke cirewa. Da Razan ta rasu ya tarar ƙofarta a buɗe, riɗi ya nuna. Ya tara 'yan shagon suka yanke. Bayan sun yanke kuma ba su ga dalilin barin filin haka nan ba, suka sake shuka. Tun daga nan ba su tsaya ba. Kuma ba tata kaɗai ba. Tun da aka fara yaƙi, cikin abokan cinikinsa akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda suka tafi ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Kowace safiya in ya buɗe shago, kafin samari su taru, yakan zagaya gonakinsu ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya miƙo mini wayarsa na karanta sanarwar. Kamfanin zai fitar da babban ƙari, sunansa in an mayar da shi Hausa Magada. Kowace tsohuwar gona sai an ambata mata magaji. In an rubuta sunan magajin, tsohon manomi zai fita ta ƙofa ya kama hanya, ba zai dawo ba, sabon ya ci gaba da gonar. Wanda ba ya so, zai iya sauke gonarsa cikin na'urarsa ya ajiye ta yadda take, amma za a yanke ta daga sauran, ba maƙwabcin da zai ƙara shiga. Zaɓin yana rufewa a ƙarshen wata.

Na karanta masa sau biyu. Ya gyaɗa kai, ya ce abin da ya ji tsoro ke nan.

Tijjani ya tambaye shi, tun da kalmar sirrin tana hannunsa, me ya hana ya yi abin da ya ga ya dace. Awad ya ce yankan riɗi aikin maƙwabci ne, amma gado ba na maƙwabci ba ne. Gida-gida yake bi yana faɗa wa iyalai. Tijjani ya ce shi ya bar wa uwarta, ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba.

Da zai tafi Awad ya tsaya a bakin ƙofa ya ce akwai abu ɗaya, gara in ji daga bakinsa. Maƙwabci yana iya taɓa shuka, ba ya iya motsa mai gona. Ranar farko da suka shiga, manomiyar tana cikin ɗaki a zaune, inda Razan ta bar ta. Bayan wani lokaci ya same ta a ƙofar ɗakin. Daga baya a wajen randa. Yanzu ga ta a tsakar gida. Shi bai taɓa shiga da asusunta ba, kuma ba wanda ya ba kalmar.

Na ce masa masu ƙera wasanni sukan sa irin waɗannan siffofi su yi ta yawo don kada wuri ya yi kama da kango. Ya ce haka ne, Ustaza ta fi shi sani, in na samu lokaci in leƙo shago.

Na leƙa washegari da rana tsaka, lokacin da kasuwa take mutuwa. An ɗauke wuta, fankar ba ta juyawa, allo ɗaya ne kawai yake kunne da batirin hasken rana. Ya shiga da ni gonakin wasu abokan cinikinsa da suka yi ƙaura zuwa Bur Sudan da Masar, waɗanda suke kiran sa a waya lokaci-lokaci. Manomin kowanne yana tsaye inda aka bar shi. Ɗaya da guga a hannu a bakin rijiya, ɗaya fuskarsa a jikin katanga. Ya nuna mini gonar wani saurayi, Osman, wanda ya tafi Madani ɗauko mahaifiyarsa ba a ƙara jin labarinsa ba. Nasa yana tsakiyar dawa, ganye yana kaɗawa a kansa, shi ko motsi.

Na koma gida na yi abin da na iya, na karanta. Na bi sharhin da aka rubuta a kan wasan tun fitowarsa, na masu yabo da na masu suka. Ban sami wanda ya ambaci siffar da take tafiya da kanta ba. Na sami akasin haka: wani mai sharhi ya rage wa wasan maki domin, a cewarsa, in mai gona ba ya nan mutumensa yana tsaye kamar kututture, kuma kamfanin bai taɓa gyara wannan ba. Na rubuta wannan a nan ne domin shi na samu. Ban ce ya tabbatar da komai ba.

Na yanke shawara cikin sauri, kuma na san abin da nake so. Na ce wa Awad ya sauke gonar cikin na'urar ya yanke ta. Bai yi musu ba. Ya ce zan iya sake tunani kafin wata ya ƙare. Ya koya mini riƙon hannun wasan: wannan na tafiya, wannan na ɗauka, wannan na zama. Ya ce yatsuna suna riƙe shi kamar mai tsoron kada ya cije ta. Na ɗauki na'urar a raksha, keke mai ƙafa uku, na kawo ta gida, na cire duk abin da yake haɗa ta da waje.

Na fara kunna ta bayan na dawo daga makaranta, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Tijjani yake barci. Ranar farko na sami manomiyar ta wuce tsakar gida, tana bakin ƙofar gona, ta ba ni baya, tana fuskantar hanya. Na kama hannun, na juyo da ita, na mayar da ita cikin ɗaki da ƙyar, ina bugun katanga da ita, na zaunar da ita. Na ajiye hannun a kan tebur na shiga kicin na ɗora shayi. Da na dawo tana bakin ƙofa.

Na sake mayar da ita. Wannan karon ban tashi ba. Na zauna ina kallo har shayin ya huce, ba ta motsa ba. Maƙwabciya ta ƙwanƙwasa tana neman aron turmi, na je na ba ta, na dawo. Tana bakin ƙofa.

Na duba hannun ko sandarsa tana karkata da kanta, domin tsofaffin hannaye sukan yi haka. Na kashe shi ɗungurungum, na sa shi cikin aljihun tebur na rufe. Bai sauya komai ba. Ban taɓa ganin ta tana tafiya ba, ko sau ɗaya. In ina kallo tana zaune. In na kau da ido na ɗan lokaci, sai in same ta can, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Haka Razan take tsayuwa in tana jiran raksha, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje, tana amsa mini magana ba tare da ta waiwayo ba. Na san zane ne. Na san kuma cewa uwa tana iya ganin ɗanta a cikin inuwar tufafin da aka shanya. Duk na gaya wa kaina wannan.

Ana nan riɗin da 'yan shago suka shuka na ƙarshe ya nuna. Na yi ƙoƙarin yanka, yatsuna ba su iya ba. Kafin in gama layi ɗaya rana ta faɗi a wasan. Na ga kwanson yana fashewa, launin filin yana komawa toka. Dawa ta kwanta. Ciyawa ta fara fitowa a gindin bishiyar. Ba wanda ya shigo, domin ni na rufe hanyar. Gidan da mutane suka riƙe shekara guda ba tare da na sani ba, a hannuna ya fara mutuwa cikin 'yan kwanaki, ita kuma tana tsaye ta ba shi baya.

Wata rana Tijjani ya farka da wuri ya same ni. Ya tsaya a bayana yana kallo ina jan ta zuwa ɗaki. Bai ce haram ba, bai ce bidi'a ba, ko da yake na shirya amsar duka biyun. Ya ce, "Sa'adiyya, da tana raye ma ba ta zama inda aka zaunar da ita." Ya wuce ya yi alwala.

Washegari ban mayar da ita ɗaki ba. Na bar ta inda take, na zauna ina kallon bayan shuɗin ɗankwalin har aka kira la'asar.

Saura kaɗan wata ya ƙare na koma shagon da na'urar a cikin jaka. Jan ƙyalle yana rataye a ƙofa, ana rangwamen ƙarshen shekara, samari sun cika rumfa suna gardama a kan wane wasa ya fi. Da suka gan ni suka ja kujeru. Waɗansu na gane su, 'yan'uwan ɗalibaina ne. Sai a lokacin na fahimci su ne masu nafir ɗin. Ɗaya ya ce, "Al-baraka fikum, ya Ustaza," gaisuwar ta'aziyya, kamar jiya aka yi rasuwar.

Awad ya haɗa na'urar bai tambaye ni komai ba. Saukar da ƙarin ta ɗauki lokaci, layin yana cika a hankali, wani lokaci ya tsaya cik. Ya aika aka kawo mini jabana daga wajen mai shayin bakin layi. Don ya cika shirun ya roƙe ni in karanta musu abin da masu sharhi suka ce a kan Magada, na karanta. Yawancinsu sun yaba sabbin iri da ruwan sama, sun soki sallamar tsohon manomi. Suka ce kowa iri ɗaya aka yi masa: ya fita, ya juyo, ya ɗaga hannu, ya ja ƙofa ya rufe. Wani ya ce ya yi shekara da shekaru da mutumensa, kamfanin ya sallame shi kamar mai kai saƙo. Awad ya ce wannan mutumin bai taɓa raka kowa tasha ba, ai sallama duk iri ɗaya ce, sai dai wanda ya rage. Samarin suka yi dariya kaɗan.

Allon ya dawo. Gonar tana nan da ciyawarta, manomiyar a bakin ƙofa. A ƙasa akwai wurin rubuta sunan magaji. Na miƙa wa Awad hannun, na ce ya rubuta mini, yatsuna ba su saba ba.

"La, ya Ustaza. Ni shaida ne kawai."

Na rubuta da kaina, harafi-harafi, ina kuskure ina gogewa. A lissafin da na taso da shi, sunanta ne ya kamata wata rana ya biyo bayan nawa. Na danna.

Ta fita. Wannan ne karo na farko da na gan ta tana tafiya ba ni nake tura ta ba. Ta kama hanyar da ta yi gabas, ta bi gefen dawar da ta kwanta. Na jira ta juyo ta ɗaga hannu kamar yadda na karanta musu. Ba ta juyo ba. Ba ta ja ƙofar ba, ta bar ta a buɗe. Shekara ashirin ina yi mata faɗa a kan barin ƙofa a buɗe. Ta yi ta ƙanƙancewa har shuɗin ya haɗe da launin nesa.

Ba wanda ya ce komai a kan hannun da ba ta ɗaga ba, ko da yake duk sun ji abin da na karanta. Awad ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ɗaga tafuka ya ce, "Al-Fatiha." Samarin suka miƙe. Muka karanta a tsaye, a cikin shagon wasa, da rana tsaka, ƙarar wasan ƙwallo tana fitowa daga wani allo da aka manta ba a kashe ba.

Sabuwar manomiya ta fito daga ɗaki, da sunana a saman kanta. Kafin in ajiye hannun, mutane uku ko huɗu sun riga sun shigo ta ƙofar suna nome ciyawa.

Yanzu ina shiga gonar da safe kafin in tafi makaranta. Na fara iya yankan riɗi, ko da yake Awad ya ce in a Fashaga ne da an sallame ni tun ranar farko. Na gwada abin da ya kamata a gwada: na ajiye hannun, na shiga kicin, na daɗe, na dawo. Tawa tana nan inda na bar ta, kamar kututture. Ranar Alhamis nakan tsaya a shagon in karanta masa labaran mako, a kujerar bakin ƙofa.

Duk gonakin waɗanda suka rasu sun sami magada. Awad ya bi gidajen har ya gama. Na waɗanda suka ɓace kuwa ya ƙi ya rubuta musu kowa, ko da iyalan sun yarda. Ya ce ba a raba gadon wanda ba a ga gawarsa ba. Ya sauke su cikin wata tsohuwar na'ura, ya ajiye ta a ƙuryar shago bayan labule, da nata batirin daban. Ba maƙwabcin da zai iya shiga, don haka shi kaɗai yake kula da su. Da safe yana buɗe ƙofa, kafin ya rataya jan ƙyalle ko ya share, can yake fara zuwa.

Wata Alhamis na zo da wuri na same shi a bayan labulen. Ba aiki yake yi ba. Yana buɗe gona, ya duba, ya rufe, ya buɗe ta gaba. Na tambaye shi me yake dubawa. Ya ce duk sauran gidajen mamatan da ya bi da maganar gado, da aka kunna, a bakin ƙofar gona ya sami manoman nasu. Bai gaya mini a lokacin ba domin bai ga amfanin faɗa ba.

Ya buɗe ta Osman. Dawa ta sake yin tsawo, ganye yana kaɗawa.

"Yana nan tsakiya, bai nufi ƙofa ba," ya ce. "Yayarsa Manal takan biyo ta nan in za ta kasuwa. Zan ce mata yau ma lafiya."